Dunƙulen da Inna Ta Ƙi Toyawa

Ni ne ɗan fari a wurin uwata, saboda haka ba ta faɗin sunana, ba ta kuma duban tsabar idona. Haka al'adarmu take, uwa tana jin kunyar ɗanta na fari. Ko a gaban mutane aka tambaye ta ko ɗanta ne, shiru za ta yi ta ja mayafi, kuma duk ɗan ƙasarmu ya san abin da shirun yake nufi. Da aka yaye ni sai kakata ta ɗauke ni daga Dingyadi ta tafi da ni Shagari, can na girma. Tun daga nan Inna ta samo abin da take kirana da shi. Idan za ta yi magana da ni sai ta dubi bango ko ƙasa ta ce, na Shagari ya ci abinci kuwa? Ni kuma in amsa wa bangon. Ban taɓa jin wannan a matsayin ƙiyayya ba. Har ƙannena suna kishin sunan, don su da sunansu tsirara take kiransu, ta haɗa da zagi in ta kama.

Daga Shagari aka kama ni aka sa makarantar boko, kakata tana kuka kamar an kai ni yanka. Na yi karatu, na fito ƙaramin malami, aka turo ni elemantare ta Bodinga, 'yan shekaru kafin Turawa su tattara su tafi. Kai, da kun gan ni a lokacin! Keke sabo, agogo a hannu, alƙalami biyu a aljihun gaba, ɗaya ma ba ya rubutu. In na bi ta cikin gari ina buga ƙararrawa ko babu kowa a hanya. Ga zuciya kuma, abu kaɗan in hau, har yau ban rabu da ita ba, sai dai ƙarfin ya ragu.

Inna maginiya ce. Tukwane take ginawa, da tuluna da randuna da kasake, ta gasa su da kashin shanu a matoya, kamar yadda uwarta ta yi. Ranar kasuwa takan ɗoro wa jaki kaya ta zo Bodinga, ta zauna a layin masu tukwane, hannuwanta duk faso, farcenta cike da yumɓu. Ni kuwa na koyi wata hanya da ke zagaye bayan mahauta don kada keken malam ya bi ta wannan layi. Ba wanda ya taɓa yi mini gori a kanta. Ni kaɗai na ƙulla abin a raina, na ga kamar malami da alƙalami biyu bai dace da uwa mai warin hayaƙin kashin shanu ba.

Wata shekara da bazara, an gama cirar albasa, hedimasta ya tara mu ya ce Baturen makaranta zai zo duba aiki, kuma daga cikinmu za a ɗauki mutum ɗaya a tura shi ƙarin horo na shekara biyu. Wanda Bature ya yaba wa darasi shi zai tafi. Mu huɗu ne, kuma na rantse a raina ni ne zan tafi ko sama da ƙasa za su haɗu. Sauran suka zaɓi lissafi da karatu. Ni na ɗauko wani littafi da na zo da shi daga makaranta, mai zanen rana da duniyoyi tara da ke kewaya ta, na ce wannan zan koyar. Ba a allo ba kuma, a fili zan jera su, yara su taka da ƙafarsu su ji nisan. Abin da ya rage shi ne wanda zai yi mini dunƙule tara na yumɓu, manya da ƙanana. Duk ƙasar nan kuwa ba wanda ya fi Inna hannu.

Na hau keke na tafi Dingyadi. Na same ta a bayan ɗaki tana cuɗa yumɓu da ƙaiƙayi. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa wa yumɓun. Na faɗi abin da ya kawo ni, na nuna girman kowane dunƙule da hannu, daga mai kamar kabewa har zuwa ɗan ƙarami na tara mai kamar goriba. Na ɗauka za ta ce to, in tashi in tafi. Ina! Sai ta fara tambaya, tana duban hannunta. Ta ce na Shagari ya san da me aka yi su? Don ita ba ta gina abin da ba ta san cikinsa ba, yumɓun tulu daban, na kasko daban. Na ce dutse ne da ƙarfe, dukkansu. Gaskiyar magana, littafin bai ce komai ba game da abin da ke cikin ta taran, sunanta kawai ya faɗa, Fuluto, da cewa ita ce mafi nisa. Ni na ƙara dutse da ƙarfen daga kaina don kada a ce malam bai sani ba.

Ta ce to ina wutar take? Na zana rana a ƙasa da tsinke, na ce idan tamu duniyar tana taku goma daga nan, ta taran sai an yi wajen taku ɗari huɗu. Ta daina cuɗa. Sannan ta yi maganar da na haddace ba da sona ba.

Ta ce, "Tukunyad da ag gefen matoya ma ba ta toyuwa, balle wadda ab bayan gari. Abin da wuta ba ta kai garai ba, ruwanai na nan cikinai, ba su hita ba. In ko yana da tauri, to ba taurin wuta na ba, taurin sanyi na."

Ta ce ta ga irin wannan taurin da idonta shekarar da aka yi ruwan ƙanƙara a farkon damina, ya fasa mata tukwane ɗanyu sha biyu da ta shanya. Ta tsinci ɗaya ta riƙe, tauri kamar tsakuwa, kafin ta kai ɗaki ya zama ruwa a tafinta. Don haka a ganinta takwas ɗin a toya su, kowanne gwargwadon kusancinsa da wuta, na tara kuwa a bar shi ɗanye.

Na yi dariya, dariyar rainin hankali, har da buga cinya. Na ce masana na ƙasar Turawa da manyan madubai sun gama bincike sun rubuta, ba a nemi shawarar matoyar Dingyadi ba. Na ce a toya duka tara, jawur, kada a kawo mini wani iyayi. Ta ci gaba da cuɗa yumɓunta, ni kuma na hau keke ina ganin na kashe magana.

An yi iska kwana biyu, ba ta samu kunna matoya da wuri ba, sai ranar da Baturen zai zo da hantsi ta iso da jakinta da kwando. Na fita bakin shingen makaranta da sauri na karɓa, ina waige kada abokan aiki su gan mu tare. Na buɗe. Takwas sun toyu, sumul, har ta yi wa babbansu zane-zane da jar ƙasa kamar yadda na kwatanta. Na taran yana can ƙasan kwando a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma. Na warware, ga shi toka-toka, ɗanye sharaf, da sanyi a hannu. Wallahi sai da na ji jini ya hau mini kai. Na ce mata ta kashe ni, ta ɓata mini shekara biyu da taurin kanta. Ta dubi kunnen jakin ta ce na Shagari ya yi haƙuri, hannunta ne ya ƙi sa shi a wuta. Babu lokacin yin wani. Na sa aka kai shi can wurinsa, bayan shinge, kusa da rijiyar masu albasa, aka ɗora a kan kifaffen ƙoƙo. Ina fata Baturen zai gaji da rana kafin mu kai can.

Bai gaji ba. Dogon mutum ne ja, mai son tafiya, yana jin Hausa irin ta littafi. Na kafa randa a tsakiyar fili na ce ita ce rana, muka fara takawa, ni da shi da hedimasta a gaba, ajina a baya suna ƙirga taku da ƙarfi. Darasin ya yi kyau, ba yabon kai ba. A kowane dunƙule in tsaya in yi bayani, in yi tambaya, a amsa. Baturen yana gyaɗa kai yana rubutu a ɗan littafinsa. Muka wuce na bakwai, muka wuce na takwas, muka fita ta ƙofar shinge. Sai na hango jaki a gindin bagaruwa.

Ashe Inna ba ta tafi kasuwa ba. Tana tsugune kusa da ƙoƙon, ta yi wa dunƙulen inuwa da faifai, tana tsoma yatsu a ruwan rijiya tana yayyafa masa don kada rana ta busar da shi kafin mu iso. Da ta gan mu ta ja baya ta durƙusa, ta yi gaisuwa irin wadda ake yi wa manya.

Baturen ya ɗauki dunƙulen, yumɓu ya ɓata masa hannu. Ya juya shi, ya dube ni, ya ce me ya sa wannan ya bambanta da sauran? Na ɗauka fushi ya yi. Bakina ya riga hankalina, na ce kuskuren maginiya ne, na ba da umarni a toya, amma mutanen ƙauye ba sa jin magana, jahilci ya yi musu yawa. Da Hausa na faɗa, don da Hausa ya tambaye ni, kuma tana nan taku uku daga inda nake.

Ya juya wurinta ya tambaye ta da kansa. Ta yi masa bayanin da ta yi mini, da gefen matoya, da ƙanƙarar da ta fasa mata tukwane, muryarta ƙasa-ƙasa amma ba ta rawa. Sau biyu ya sa ta maimaita don bai saba da Hausarmu ba. Da ya gane sai ya sake duban abin da ke hannunsa. Sannan ya juya ga yara ya ce su saurara da kyau: ko a ƙasarsu babu wanda ya san tabbas da me aka yi wannan duniya, don ta yi nisa ƙwarai, ko a babban madubi ɗigo ce kawai. Amma ya ce tunanin matar nan tunani ne mai kyau, wurin yana da sanyin da ba a iya kwatantawa, kuma ba zai yi mamaki ba in wata rana aka gano tana da gaskiya.

Da a nan abin ya tsaya, da kunyar ƙarama ce, ta malamin da aka kama da ƙaryar dutse da ƙarfe. Amma Baturen ya dube ta, ya dube ni. Duk wanda ya san mu ya san goshinmu ɗaya, hancinmu ɗaya. Ya yi murmushi ya ce mata, "Malamin nan ɗanki ne?"

Inna ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta dubi ƙasa, ta yi shiru. Hedimasta ya gane. Yara sun gane, cikinsu ma akwai 'yan Dingyadi da suke shan ruwa a randunanta. Baturen ne kaɗai bai san wannan shirun ba, don haka ya juyo gare ni yana jiran amsa. Ita al'ada ta rufe mata baki. Ni babu abin da ya rufe mini nawa, ɗa ba ya kunyar cewa ga uwarsa. Kalma ɗaya ce ake nema a wurina, kuma mutumin nan ya gama yabonta yanzun nan, ba abin da zan rasa. Amma na riga na ce jahila a gabansa, na ga in na ce uwata ce na zama ɗan jahila, ko kuma ɗan da ke zagin uwarsa, kowanne zai shiga ɗan littafin nan.

Na ce, "A'a, ranka ya daɗe. Mai tukwane ce daga Dingyadi, aiki na ba ta."

Hedimasta ya sunkuya yana gyara takalmin da ba abin da ya same shi. Baturen ya ce to madalla, ya yi mata godiya, ya ajiye dunƙulen, ya goge hannu da hankici, muka juya. Da na waiga daga bakin shinge na ga ta naɗe shi cikin tsummansa ta sa a kwando. Ɗanyen yumɓu ba a zubar da shi, ana mayar da shi cikin tari a sake cuɗawa.

Ni aka zaɓa. Hedimasta ya karanta mini abin da Baturen ya rubuta, har da yabon yadda aka bar dunƙule na tara ɗanye don yara su yi tunani. Ya karanta wannan wurin a hankali, ya ɗago ya dube ni. Na karɓi takardar na sa a aljihu tare da alƙalumana biyu.

Ana saura kwana uku in tafi na je Dingyadi sallama. Duk hanya ina shirya yadda zan ba ta haƙuri, na tsara kalmomin tsaf. Na jingine keke na shiga. Da ta ji sallamata sai ta taso, abin da ba ta taɓa yi ba, ta wanke hannu, ta ɗauko sabuwar tabarma ta shimfiɗa mini irin ta baƙi. Ta zauna ta fuskance ni, ta dube ni cikin ido. Tun da aka haife ni ban taɓa ganin ƙwayar idon uwata sosai ba sai ranar, ashe suna da ɗan ja-ja saboda hayaƙi.

Ta ce, "Sannu da zuwa, Malam. Akwai wani aiki da za a yi maka?"

Duk kalmomin da na tsara suka watse. Na ce babu, sallama na zo yi. Ta ce Allah ya kiyaye hanya, Allah ya ba da sa'ar karatu, ta sa aka kawo mini ruwa a sabon ƙoƙo. Ba faɗa, ba kuka, ba gori. Ta daina jin kunyata ke nan, don mai tukwane ba ta kunyar wanda ya ba ta aiki.

Ta yi shekara goma sha ɗaya bayan wannan, kuma Malam nake a bakinta har ta koma ga Allah. Na kai mata turamen atamfa, na kai goro, na sa aka yi wa ɗakinta rufin kwano, na farko a unguwarsu. Kowane lokaci sai ta dube ni ta ce Malam ya yi ƙoƙari, Allah ya saka. Sau nawa na buɗe baki in ce Inna ki yafe mini, sai girman kan nan ya hana ni, in ce bari sai zuwa na gaba. Bayan rasuwarta ƙanwata ta gaya mini cewa in ba na nan, in za ta tambayi labarina, na Shagari take cewa, tana duban bango kamar da. A gabana ne kawai ta hana ni shi. Na shiga bayan ɗaki inda take cuɗa yumɓu na yi kuka, ina da 'ya'ya huɗu a lokacin.

Na koyar da darasin duniyoyi tara shekara da shekaru, a allo, ban sake jera su a fili ba. Ban kuma taɓa ba kowa wannan labari ba, ko matata. In an tambaye ni asalina sai in ce Shagari, in yi maganar kakata.

Bara waccan jikata mai karatu a jami'a ta zo hutu, ta same ni a zaure da hantsi ina jiran fura. Tana son tsokanata, ta ce malamin da, an rage muku duniya ɗaya, yanzu takwas ne, ta taranku an mayar da ita cikin wadannin duniyoyi. Na ce wane mara kunya ne ya yi wannan aiki? Ta yi dariya ta ce ai an gano ba ita kaɗai ba ce a can, tana da 'yan'uwa ƙanana da yawa a wannan nisan, shi ya sa aka ware su. Ta matso da wayarta ta nuna mini hoto, ta ce wata na'ura ce aka aika ta yi shekaru tana tafiya ta ɗauko. Na sa tabarau. Ga ta nan, dunƙule, wani gefe fari fat, wani gefe ja-ja kamar tukunyar da hayaƙi ya taɓa.

Na tambaye ta da me aka yi ta. Ta ce can ciki dutse ne, amma an lulluɓe shi da ƙanƙara mai kaurin gaske. Duwatsun da nake gani a hoton ruwa ne, ruwan sha irin namu, sanyi ya mayar da shi tauri har ya tsaya tsauni-tsauni. Farin filin kuwa iska ce ta daskare, irin wadda ta fi yawa cikin abin da muke shaƙa, tare da wata irin ta gas ɗin girki, ita ce hasken rana yake rinawa ja a hankali. Har ana zaton akwai ruwa da bai daskare ba can ƙarƙashi. 'Yan'uwan nata ma yawanci haka suke, dutse da ƙanƙara. Ta fara yi mini bayanin dalili, sai na tare ta na ce ai wuta ba ta kai gare su ba, ruwansu na nan cikinsu bai fita ba, taurinsu na sanyi ne.

Ta ɗago ta dube ni ta ce ashe tsohon bai manta aiki ba, kusan haka malaminsu ya faɗa. Ta ce a wane littafi na karanta tun zamanin Turawa?

Na ce, "Ba littafi ba ne. Uwata ce ta gaya mini. Maginiya ce a Dingyadi, ni ne ɗanta na fari."

Yarinyar ta ce Allah sarki, ashe muna da masu tukwane a dangi, ba a taɓa gaya mata ba. Ta karɓi wayarta ta shiga cikin gida ta ga ko furar ta yi. Ni na zauna a zauren da amsar da aka tambaye ni a gindin bagaruwa shekara sittin da suka wuce, na faɗe ta daidai, babu Bature, babu hedimasta, babu Inna.